Bangon kundin waƙa: me ya sa madaba'a ta ƙi karɓar hoton da ka tura?

Wani matashi ya aiko da tambaya. Yayansa mawaƙi ne, ya kammala kundin waƙoƙi, suna so su buga faifan CD guda 1,000 da za a raba ranar ƙaddamarwa. Shi ya zana bangon a wayarsa, ya tura wa madaba'a ta WhatsApp, sai aka ce masa hoton ba zai yi ba, ya kawo PDF mai CMYK. Ya ce: "Ni dai a idona hoton tar yake. Mene ne bambancin JPEG da PNG da PDF, wanne ya fi, ko kuwa mutanen nan wahalar da ni kawai suke so su yi?"

Ƙanena, taimakonka suka yi. Madaba'ar da za ta cuce ka ita ce wadda za ta karɓi hoton nan ba ta ce uffan ba, ta buga dubun, ta karɓi kuɗinta, sai ka buɗe kwali ka tarar fuskar yayanka ta dushe kamar an ɗauke ta cikin hazo, sunansa kuma wuƙa ta gutsure masa harafi. Na daɗe ina shirya fayil kafin ya hau inji, kuma mafi yawan aikin da na ga ya lalace, tun kafin ya iso ƙofarmu ya lalace. Don haka bari in fara da abin da ke cikin hoton kansa, mu zo kan sunayen fayil daga baya, domin sunan fayil jaka ce kawai. Abin da aka zuba a cikinta shi ne magana.

Hoto a kwamfuta iri biyu ne. Na farko kamar aikin hula yake. Daga nesa ka ga fure, in ka matso sai ka ga ɗinki ne ɗaya bayan ɗaya, kowanne da launinsa. Waɗannan ɗigogin su ake kira fiksel, kuma duk hoton da kyamara ta ɗauka haka yake. Adadinsu a ƙayyade yake tun ranar da aka ɗauki hoton. In ka ja shi ya yi girma, ɗigogin ne suke kumbura, ba ƙaruwa suke yi ba. Na biyu shi ne bekta, wanda babu ɗigo a cikinsa sai umarni: ja layi daga nan zuwa can, lanƙwasa shi haka, cika cikinsa da ja. Irin wannan ko a bangon faifai ka sa shi, ko a allon talla na bakin titi, gefensa kaifi ɗaya ne. Rubutu da tambari da layuka gidansu ke nan. Hoton fuska ne kawai dole ya zauna a ɗigo. Matsalar manhajojin zane na waya ita ce a ƙarshe suna narka komai, har da rubutun, su mayar da shi ɗigo. Ƙananan haruffan jerin waƙoƙi su ne suke fara shan wahala.

To ɗigo nawa ake so? Fiksel 300 a kowane inci, a daidai girman da za a buga. Lambar nan ba daga sama ta faɗo ba. Injin ofset, babban injin madaba'a mai buga tawada da faranti, ba ya iya shafa launi mai haske da mai duhu yadda mai fenti ke yi, ɗige-ɗigen tawada yake jerawa, manya a wurin duhu, ƙanana a wurin haske, yawanci layi 150 a inci ɗaya in takardar mai sheƙi ce. An gano cewa in hoto ya ninka wannan adadi sau biyu, bugun yana fita sumul. Yanzu mu yi lissafin naka. Gaban littafin da ke cikin gidan CD milimita 120 ne kowane gefe, wato inci 4.72. Ka ninka da 300, ka samu fiksel 1,417. In aka haɗa da rarar yanka, wadda zan yi bayaninta, sai ya kai 1,488. Buɗe bayanan hotonka ka duba. In ka ga 800 ko 900, babu dabarar da za ta cece shi.

Akwai kuskuren da nake so ka guje masa a nan. Wasu suna buɗe hoton a Photoshop, su ga an rubuta 72 a gurbin fiksel a kowane inci, su goge su rubuta 300, su ce an gyara. Ko dai hoton ya ƙanƙance ya koma kamar kan sarki, ko kuma manhajar ta ƙago ɗigogin da babu su ta cike gurbi, wato an ƙara wa miya ruwa. Ita kanta 72 ɗin ba aibu ba ce. Hoto mai fiksel 4,000 da aka rubuta wa 72 ya fi mai fiksel 900 da aka rubuta wa 300 nesa ba kusa ba. Adadin fiksel za ka riƙa dubawa. Sababbin manhajoji masu ƙara girman hoto da basirar na'ura suna taimakawa a kan bango ko tufafi, amma a fuska ina tsoronsu, don suna sake wa mutum ido da haƙora, masoyansa kuwa sun san fuskarsa.

Da alama ma hotonka na asali ya isa, hanya ce ta ci shi. Kyamarar waya mai megafiksel 12 tana ba da kusan 4,000 a 3,000, wanda ya wadatar har da saura. Amma in ka tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar tana rage girmansa ta matse shi don ya tafi da sauri. Haka Facebook. Kowane turawa da saukewa yana iya ƙara cinsa. Koma wurin wanda ya ɗauki hoton ka karɓi na asali a filasha, ko ya turo ta imel, ko ta WhatsApp ɗin amma a matsayin dokumen, wanda ba a taɓa shi.

Yanzu sunayen. JPEG, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1992, an yi shi ne don hoto ya yi sauƙin ɗauka. Yana yanka hoton gida-gida, kowane gida fiksel 8 a 8, ya zubar da bayanan da yake ganin ido ba zai lura da su ba. A sararin sama ko fuskar mutum dabarar tana aiki sosai. A gefen harafi kuwa, inda baƙi ya haɗu da fari kai tsaye, sai ka ga wani datti-datti ya kewaye rubutun kamar ƙura. Abin da ya zubar ba ya dawowa, kuma duk lokacin da ka buɗe, ka gyara, ka sake adanawa a JPEG, yana ƙara zubarwa. Ba na cewa haramun ne a bugu. Hoton kyamara da aka adana sau ɗaya da inganci mafi girma yana buguwa lafiya lau. Abin da ba a yi shi ne a mayar da shi fayil ɗin aiki, ko a narka rubutu a cikinsa.

PNG ya zo a 1996, ba ya zubar da komai, kuma yana iya barin bayan hoto fayau, shi ya sa masu zane a waya suke ƙaunarsa. Amma don allo aka ƙera shi, bai san CMYK ba sam. GIF launi 256 kawai yake ɗauka, ka manta da shi. TIFF shi ne tsohon amintaccen madaba'a tun 1986: yana riƙe CMYK, ba ya rage inganci, nauyi ne kawai da shi. In ka gama gyaran hoton fuska, a TIFF ko PSD, wato fayil ɗin Photoshop, za ka ajiye shi.

PDF daban ne da duk waɗannan, domin shi ba hoto ba ne, shafi ne. Kamfanin Adobe ya fitar da shi a 1993, kuma a cikinsa hoto yana zama a ɗigonsa, rubutu yana zama a bektarsa, awon shafi da wurin yanka duk suna ciki. Shi ya sa suka nema. Amma ka lura: in ka ɗauki JPEG ɗin nan da aka ƙi, ka juya shi ya koma PDF, ba ka yi komai ba, jaka ka sake. Sai an gina shafin daga tushe a manhajar da ta san bugu. Akwai nau'in PDF da aka keɓe wa madaba'a, PDF/X-1a da PDF/X-4. Na farkon yana tilasta komai ya zama CMYK ko tawada ta musamman, haruffa duk a ciki, babu abin da ya rage a warware. In ba su faɗa maka wanda suke so ba, shi za ka zaɓa. Madaba'o'in Najeriya da yawa, daga Kano har Shomolu ta Legas, da CorelDRAW suke aiki, don haka ƙila su ce ka kawo CDR, wato fayil ɗin wannan manhaja. Ka tambayi wane zubi ne a kwamfutarsu, saboda tsohon zubi ba ya buɗe fayil ɗin sabo, kuma ko ka ba su CDR ka haɗa da PDF don su ga yadda ya kamata ya fito. In ba ka da kuɗin InDesign ko CorelDRAW, akwai Scribus, kyauta ce, kuma tana fitar da PDF mai CMYK.

Launi shi ne wurin da zuciya ta fi ɓaci, don haka bari in daɗe a nan. Allon wayarka haske yake fitarwa, ja da kore da shuɗi, wato RGB. Takarda ba ta da fitila. Tawada huɗu ake ɗora mata ɗaya bisa ɗaya: shuɗi mai haske, jan garura, rawaya da baƙi, su ne CMYK, kowacce da farantinta a inji. Akwai launukan da haske ke iya yi waɗanda tawada ba za ta taɓa kaiwa ba. Kore algashi mai ƙyalli yana komawa kamar ganyen da ya sha ƙura. Shuɗin nan mai zafi na allo yana karkata ya zama shunayya. Ruwan lemo mai walƙiya yana lafawa. In ka ba su RGB, kwamfutarsu ce za ta yanke hukuncin yadda kowane launi zai koma, ba tare da ta san abin da kake nufi ba. In kai ka juya da kanka, za ka ga asarar da idonka, ka gyara abin da zai gyaru. Tambaye su bayanin launin da injinsu ke bi. In ba su da amsa, FOGRA39 shi ne wanda aka saba amfani da shi a takarda mai sheƙi. Ka yi gyaran hoto yana RGB, ka ajiye kwafinsa, sai a ƙarshe ka juya.

Fatarmu tana bukatar kulawa ta musamman, kuma littattafan koyon aikin ba su cika tsayawa a kanta ba. Ɗigon tawada in ya sauka a takarda yana ɗan bajewa, don haka bugu kullum ya fi allo duhu, musamman a tsakiyar launi, wato daidai inda fuskar baƙin mutum take. Hoton da ke da kyau a waya, wadda haskenta ke ƙure, yana iya fitowa ido da gemu da inuwar hula duk sun haɗe. Ka ɗan buɗe inuwar fuskar fiye da yadda idonka ke so a allo. Ka duba lambobin launin kumatu: kada rawaya ta yi ƙasa da jan garura, in ba haka ba mutumin zai fito jajur kamar an shafa masa jan baki, in kuma shuɗin ya yi yawa sai ya yi toka-toka. Sannan ga farar babbar riga. Baƙar fuska da farar shadda a hoto ɗaya su ne jarrabawar kowane mai wannan aiki, don in ka haska fuska, aikin wuyan rigar ya ɓace. Sai an gyara kowanne shi kaɗai, a bar ɗan ɗigo kaɗan a cikin farin don zanen shaddar ya nuna.

Baƙi ma iri biyu ne. Ƙananan rubutu, tawadar baƙi zalla za ka ba su, kashi 100 cikin ɗari, sauran ukun sifili. In ka bar su da launi huɗu, faranti ɗaya ya goce da kaurin gashi, sai kowane harafi ya fito da inuwar ja ko shuɗi a gefensa. Babban fili kuwa, kamar bango mai baƙin baya, baƙi zalla yana fitowa a koɗe, sai a tallafa masa da kamar 60 na shuɗi, 40 na jan garura, 40 na rawaya, 100 na baƙi. Jimilla 240 ke nan. Kada jimillar ta wuce 300 a ko'ina, domin takarda tana da iyakar tawadar da za ta sha. In ta wuce, ba ta bushewa, shafi ya manne wa shafi. Farin rubutu a kan irin wannan baƙin kuma ya zama mai kauri, kada girman harafin ya yi ƙasa da maki 7 a ma'aunin girman rubutu, ko tawada ta cinye shi. In kuna son ruwan zinare mai ƙyalli, tawada huɗun nan ba sa yin sa, rawaya mai duhu za su ba ka. Sai an sa tawadar ƙarfe ta Pantone a faranti na biyar, ko a manna ganyen gwal da zafi, kuma kowanne da kuɗinsa daban.

Sai wuƙa. Ba ɗaya-ɗaya ake yanka bango ba, tari ake ɗorawa a datse, kuma wuƙar tana iya gocewa da milimita ɗaya. Saboda haka hoton baya dole ya zarce layin yanka da milimita 3 ta kowane gefe. Wannan ita ce rarar yanka, a bakin masu aikin bilid. In babu ita, farin zare zai fito a gefe. Ta ciki ma, kada rubutu ya matsa kusa da gefe fiye da milimita 3. Takardar bayan gidan CD kimanin 150 a 118 take, da ƙananan fukafukai biyu na kusan milimita 6 da ake naɗewa su zama ƙashin baya, inda sunan mawaƙi ke fitowa in an jera faifai a kanta. A fili mai ƙunci haka, harafi ya zama ƙarami, a tsakiya, kuma shawarata launin ƙashin ya zama ɗaya da na bayan, don ko naɗin ya goce ba mai ganewa. Waɗannan lambobi na gidan roba ne da aka saba. In na kwali za ku yi, awonsa ya danganta da wuƙar da madaba'ar ke da ita. Kafin ka ja layi ɗaya, karɓi samfurin awonsu ka yi zane a kansa.

Littafin ciki shafukansa huɗu-huɗu suke tafiya: 4, 8, 12. A takardar da ba a naɗe ba, gaban bango yana dama, baya yana hagu. A mai shafi 8, na 8 ne ke maƙwabtaka da na 1, na 2 da na 7. Kada ka wahalar da kanka, ba su shafukan a jere, su tsara. Shi kuwa faifan milimita 120 ne da rami 15 a tsakiya, kuma fuskarsa launin azurfa ce. Inda ka bar fari a zanenka, azurfa za ta fito, sai in an fara shimfiɗa farar tawada. Ka tambaya ko suna yi. Kada ka sa fuskar mutum a tsakiya, ramin zai faɗa masa a hanci.

Ga abin da ya shafe mu musamman. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, salon haruffa da yawa ba su da su, musamman masu ado da ake so a sunan kundi. Kwamfuta takan ari harafin daga wani salo, ya fito bare a tsakiyar kalma, ko ta sa akwati a gurbinsa. Na taɓa ganin aikin da wani mai shirya fayil ya ga akwatin, ya goge ya sa k, sai "ƙasa" ta koma "kasa" a gaban bango, an kuwa riga an buga duka. Har yau abin yana damuna, domin mawaƙin ya yi shekara yana wannan aiki. Maganinsa biyu: ka zaɓi salon da ke da haruffan tun farko, irin su Noto ko Charis ko Andika, sannan kafin ka miƙa fayil ka mayar da rubutun zane, yadda ba ya bukatar salon a kwamfutarsu. A CorelDRAW, Ctrl da Q ne. Ka ajiye kwafin da ba a mayar ba, don bayan haka ba a iya gyara kalma. In akwai ajami ko Larabci, tilas ne ma, saboda wasu manhajojin suna warware haruffan ko su jera su daga hagu. Ka sa wanda ya iya karatun ya duba takardar gwaji da idonsa.

Lambar sanda ta kanti, wato layukan nan da na'ura ke karantawa a jikin kaya, in za ku sa, bekta ce, baƙi zalla a kan fari, kada a matse ta. Ja ba ya karantuwa don hasken na'urar ja ne. In ranar ƙaddamarwa kawai za a raba, ba ku bukatarta.

Game da zanen kansa, bangon faifan garmaho mai inci 12 ya kai kusan santimita 31 kowane gefe. Da Philips da Sony suka fito da CD a 1982, filin ya koma santimita 12, bai kai kashi ɗaya cikin shida na da ba. Yau kuma yawancin masu sauraro a Audiomack ko Boomplay za su fara ganinsa, bai fi girman babban yatsa ba. Na san al'adarmu ta son a sa kowa a gaba, da mawaƙi da masu amshi da mai ɗaukar nauyi da lambar waya, amma filin ba zai ɗauka ba. Fuska ɗaya, suna ɗaya, sauran su koma baya da ciki. Na intanet ɗin fayil ne daban: RGB, murabba'i, yawanci fiksel 3,000 a 3,000, JPEG ko PNG, babu rarar yanka. Tunda ya fi na takarda yawan fiksel, ka fara aikin da wannan girman, ka sauko da shi zuwa na bugu.

Kwafi 1,000 ofset ya dace da shi, don kuɗin faranti yana narkewa cikin yawa. Da 100 ne ko 200, da na ce a yi da injin dijital. Takardar littafin mai sheƙi ta giram 150 ta isa, gidan kwali kuwa kusan 300, kuma in bangon baƙi ne a lulluɓe shi da leda, don baƙi yana nuna kowane ƙarzane.

Kafin ka biya kuɗin faranti, buga zanen a ofis a daidai girmansa, ka yanke da almakashi, ka naɗe, ka sa a cikin gidan CD na gaske. A nan za ka ga ko rubutun ƙashin baya ya kife, ko jerin waƙoƙi ya yi ƙanƙanta. Ka saurari faifan kana bin jerin da yatsa, don na sha ganin an sauya tsarin waƙoƙi a situdiyo ba a faɗa wa mai zane ba. Sannan ka nemi gwajin bugu mai launi daga madaba'ar, ka fita da shi waje ka duba a hasken rana, ba ƙarƙashin fitila ba. In ya yi, kai da yayanka ku sa hannu a bayansa. Ranar da aikin zai hau inji ka je da wannan takarda, ka tsaya kusa da mai inji, ka kwatanta ta da bugun farko da ya fito kafin a saki sauran.